Awon Ruwa Mai Gudu: Daga Birnin Rum Zuwa Na'urar Sauti

Hatsi yana da mudu, ƙyalle yana da kamu, amma ruwan da ke tafiya cikin bututu ya daɗe yana gagarar masu awo, domin ba ya tsayawa a auna shi. Inda kuwa babu awo, gardama ba ta ƙarewa tsakanin mai ba da ruwa da mai biyan kuɗinsa.

A shekara ta 97 Miladiyya aka naɗa Frontinus shugaban ruwan birnin Rum. Da ya duba littattafan ofishinsa, ya kuma auna da kansa, sai ya tarar ruwan da ke shigowa ya fi wanda ake rabawa nesa ba kusa ba. Ya ɗora laifin a kan masu huda bututu da ma'aikata masu sayar da ruwa a ɓoye, kuma lalle akwai su. Sai dai ma'auninsa ma gurgu ne, don girman bakin bututu kaɗai yake lissafawa, alhali kuwa bututu biyu masu girma ɗaya ba sa ba da ruwa daidai in ruwan ɗayan ya fi gudu. A 1628 ne Benedetto Castelli, almajirin Galileo, ya kafa ƙa'idar sosai: yawan ruwa shi ne girman rami a ninka shi da saurin gudu.

Saura auna gudun. A 1887 wani injiniya a Amurka, Clemens Herschel, ya fito da bututu mai ƙuntataccen wuya, wanda ake gane gudun ruwa daga raguwar matsinsa a wuyan. Shi ne kuma ya fassara littafin Frontinus zuwa Turanci a 1899, watau ya san gadon wa ya ci. Amma irin wannan ma'auni ba ya shiga sai an tsai da ruwa, an yanke bututu.

Mafita ta zo ta wata hanya dabam. A 1880 Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano cewa wasu duwatsu masu ƙyalli suna fid da lantarki in an matsa su, daga baya aka tabbatar suna kaɗawa in an ba su lantarki. Da su Paul Langevin ya aika da sautin da ya fi ƙarfin jin kunne cikin teku, don neman jiragen ƙarƙashin ruwa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wannan sautin ne na'urar zamani take amfani da shi. Ana ɗaura 'yan ƙarafa biyu a bayan bututu, ɗaya gaba ɗaya baya, su riƙa aika wa juna sauti ta cikin ruwan. Wanda ya bi ruwa yakan riga wanda ya yi gaba da shi isa, kamar dai kwalekwale a kogi. Sauti kan yi kimanin mita 1,480 a daƙiƙa cikin ruwa, ruwan famfo kuwa mita ɗaya ko biyu, saboda haka a ƙaramin bututu ratar ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Shi ya sa dabarar ta jira bunƙasar kayan lantarki kafin ta shiga masana'antu a shekarun 1960 da 1970.

Yau ma'aikaci ɗaya zai ɗauko ta a jaka, ya auna nan, ya matsa gaba ya sake aunawa, ya gane ko ruwa yana zurarewa a tsakani, ba tare da ya katse wa kowa ruwa ba. Sai dai a lura, gudu kaɗai take aunawa. Girman rami mutum ne yake gaya mata. In bututu mai faɗin santimita 10 ya tara tsatsa mai kaurin rabin santimita a kewaye, raminsa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, na'ura kuwa za ta ci gaba da lissafa ruwan da bai wuce ba, har ya shiga rahoton ofis.