Haɗa taswirar ingancin inji da ta janareta

Taswirar inganci jadawali ce da ke nuna kashi nawa na makamashi na'ura ke mayarwa aiki a kowane saurin juyawa da ƙarfin murɗawa. A motar da injinta janareta kaɗai yake juyawa, wutar kuma ta tuƙa tayoyi, irin Nissan Note e-Power ta 2016, taswira ɗaya ba ta isa, domin inda inji ya fi tsimin mai ba lallai ne nan janareta ya fi kyau ba.

A manhajar MATLAB ko GNU Octave, ana fara mayar da shan man inji, wanda ake aunawa da giram a kowane kilowat-awa, zuwa kashi cikin ɗari. Sai a ɗora taswirorin biyu a ma'auni guda da umarnin interp2, bayan an daidaita sauri da ƙarfin murɗawa idan akwai giya tsakani, sannan a ninka su gurbi da gurbi: inji mai kashi 36 da janareta mai 92 suna ba da kusan 33.

Gefen taswira ya fi bukatar kula. Inda ba a yi awo ba, gara a bar NaN, wato alamar babu lamba, da a cike gurbin da kintace.