Gyaran Hilux da Land Cruiser Domin Shiga Daji: Abin da Ake Iya Yi a Gida da Wanda Ba a Yi

Duk wanda ya taɓa bin fatake zuwa kasuwannin ƙauye a Wase ko Kanam cikin watan Agusta ya san ba kowace mota ke zuwa ta dawo ba. 'Yan uwa da ke Lokpanta, Akinyele da Agege sun sha tambayar mu nan Ali Kazaure yadda ake shirya mota mai jan ƙafa huɗu don shiga daji. Ga bayanin daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai tsada.

Wace mota ake nufi

Biyu ne suka fi yawa a hannun mutanenmu. Akwai Toyota Hilux, wadda aka fara ƙerawa a 1968, sai Land Cruiser jerin 70 da ta fito a 1984. Land Cruiser ɗin aksil ɗinta na gaba sanda guda ne, ya fi jure duka. Hilux ta zamani kuwa kowace ƙafar gaba da nata motsin, ta fi daɗin tuƙi amma ba ta son a ɗaga ta da yawa.

A lura da wani abu. Jos tana kan tudu kimanin mita 1,200, iskarta ba ta kai ta bakin teku kauri ba. Injin da ba shi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. Wato motar da ke gurnani a Legas, in ta hawo Filato ta bar fiye da kashi 10 na ƙarfinta a ƙasa. Kada a ɗora mata ƙarafa barkatai.

Taya ce farko

In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi taya. Mai alamar A/T ta raba ƙafa, kwalta da daji. Mai M/T ta laka ce, haƙoranta manya, amma tana ƙara a kwalta kuma ba ta kama jiƙaƙƙen titi sosai. Wanda rabin tafiyarsa kwalta ce, A/T ta ishe shi.

In motarka na kan 265/65 R17 ka koma 265/70 R17, aksil zai tashi da kusan santimita ɗaya da rabi. Amma agogon gudu zai riƙa nuna ƙasa da ainihin gudunka da kamar kashi 3 cikin 100. In ka zarce haka, taya ta soma gugar bodi, mai ya ƙaru, birki ya yi sanyi.

Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen tayar: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Tsohuwar taya ko haƙoranta na ƙyalli, robarta ta bushe.

A cikin yashi ko laka ana rage iska zuwa wajen 20 a geji don taya ta baje. Da ka hau kwalta ka mayar, in ba haka ba ta yi zafi ta fashe. Saboda haka ƙaramin famfo mai aiki da batir ya zama dole.

Ɗaga mota

Inci 2, wato santimita 5, shi ne iyakar hankali. Ana canza sufirin da shoka tare, ba ɗaya a bar ɗaya ba. Daga nan a kai a daidaita ƙafafu. In ka wuce inci 2 a Hilux, sandunan da ke juya ƙafar gaba za su karkace, robarsu ta yage, ga kashe kuɗi duk wata.

Ka sani, ɗaga bodi ba ya ɗaga aksil, taya ce kawai ke yin wannan. Kuma ƙara wa sufirin ganye ba ya ƙara wa birki ƙarfi. Mota in ta yi tsayi, ga buhunan dusa a sama, kwana ɗaya a gangaren Hawan Kibo ya isa ta kife.

Kare cikinta

A Filato dutse ne abokin gaba, a Kudu laka da ruwa. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 4 a ƙarƙashin inji da giya da tanki, mai walda na unguwa zai iya yanka maka shi. A ɗaure da noti a ramukan da kamfani ya bari, a bar ƙofar juye baƙin mai. Kada a huda shasi, kada a yi masa walda. Kafin kowace walda a jikin mota a cire kan batir, don wutar na iya ƙona kwamfutar injin.

Ruwa

Injin dizal in ya shaƙi ruwa ko kaɗan, sandunan fistin na iya lanƙwashewa, sai sauke inji. Bututun shan iska da ake hawarwa gefen gilashi yana maganin wannan, in an toshe duk mahaɗinsa da kyau. Amma bai mai da mota kwalekwale ba. Aksil da giya suna da ƙananan hancin numfashi, a ja musu tiyo zuwa sama. In ka ratsa rafi, duba man aksil: in ya koma kamar madara, ruwa ya shiga, a canza. Ruwa mai gudu kuwa, jira ya janye. Shanu ba za su ƙare a kasuwa ba.

Fita in an kafe

Shebur, igiyar ja mai ƙarfi, jak da katakon da za a ɗora shi, su ne kayan farko. Mai son winci ya nemi wanda ke jan ninki ɗaya da rabi na nauyin motar da kayanta. Motar tan 3 tana son mai tan 4 da rabi. Kada a ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela, in ya ɓalle harsashi ne. Kowa ya matsa nesa lokacin ja.

Giyar 4H da 4L ta daji ce. A busasshen kwalta ka koma 2H, don waɗannan motocin gaba da baya a kulle suke juyawa, sai giya ta ɗaure.

Kaya da doka

Ana samun kayan a Dilimi nan Jos, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas, da Nnewi. Je da lambar shasi da tsohon ƙarfen a hannu, jabu ya yi yawa. Doka ta hana fentin motar gida da launin soja, don haka a kiyaye, musamman mai ratsa shingaye da dama.

Canza taya, ɗaura faranti da jan tiyo, duk ana yi a ƙofar gida. Birki, sitiyari da wayoyin winci kuwa a bar wa makaniki. Kuma don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.