Dodon Da Ba A Raɗa Wa Suna Ba

Ya ku 'yan makaranta, yau za mu ba ku tarihin wani dodo na cikin littattafan Turawa. Mun sani, ku ma kun sani, ba mai busa rai sai Allah. Labarin ƙage ne, amma akwai abin lura a cikinsa.

A cikin shekara ta 1816 wata yarinya, mutuniyar Ingila, Mary Shelley, tana da shekara 18, ta soma rubuta shi a bakin tafkin Janiba. Aka buga littafin a 1818, sunansa Frankenstein. Wannan kuwa sunan wani ɗalibi ne da ke karatu a Ingolstadt ta ƙasar Jamus. Shi ne ya harhaɗa sassan gawa, ya ƙera wani ƙato mai tsawon ƙafa 8. Ran da ƙaton ya buɗe ido, muninsa ya firgita ɗalibin, ya ruga ya bar shi, ko suna bai raɗa masa ba.

To, dodon nan bai taso da mugunta ba. Ya ɓuya a wata 'yar rumfa jikin gidan waɗansu matalauta, yana leƙensu ta kafar bango, har ya koyi magana da karatu. Da dare ya kan yo musu itace. Rannan ya yi ƙarfin hali ya shiga wurin tsohon gidan, wanda ya ke makaho. Tsoho ya karɓe shi da kyau, don bai ga fuskarsa ba. Da ɗansa ya komo, sai ya hau baƙon da sanda. Daga nan zuciyarsa ta ƙeƙashe. Ya kashe ƙanen maigininsa, sa'an nan ya roƙi a ƙera masa mata. Frankenstein ya soma, ya fasa, dodo kuwa ya kashe abokinsa da amaryarsa. Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.

Da masu silima na Amurka suka ɗauki labarin a 1931, sai suka hana dodon magana, suka sa shi yana tsoron wuta. A 1935 suka ƙera masa amaryar, amma tana ganinsa ta ƙwala ihu. Bayan haka labarin ya koma kan injuna. A silimar 2001: A Space Odyssey ta 1968, kwamfuta mai suna HAL ta halaka mutanen jirgin sararin samaniya, da wanda ya tsira ya zo kashe ta, sai ta ce tana jin tsoro. A Blade Runner ta 1982, waɗansu ƙerarrun bayi da aka yanka wa shekara 4 kaɗai suka komo neman maigininsu, ko ya ƙara musu kwana.

Watau dai fiye da shekara 200 ke nan marubuta suna nuna mana abu guda: abin da mu ke tsoro, shi ma tsoronmu ya ke ji, kaɗaici ne kuwa ya kan mai da shi mugu. Saboda haka in an kawo sabon yaro makarantarku, mai baƙon harshe ko wata naƙasa, ku tuna da makahon nan. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Allah ya sa mu gane, amin.