Rage Ƙiba da Tsara Abinci da Motsa Jiki

Haɗa tsarin cin abinci da motsa jiki hanya ce ta rage ƙiba da likitoci ke ba masu haɗarin ciwon suga. Wani bincike a Amurka a 2002 ya nuna cewa ƙoƙarin rage kashi 7 cikin 100 na nauyi, tare da motsa jiki na minti 150 a mako, ya rage kamuwa da cutar da kashi 58 cikin 100. Wani zai ce tattakin asuba daga Ƙofar Kabuga zuwa tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ya isa. Sai dai kwalbar lemo da masa mai naso da mai kan mayar da abin da tafiyar ta ƙone. Dole a rage malmalar tuwo, a yawaita zogale da rama.