Dogon Zango, Gajeren Zango, da Hausawan Sudan

Bayan da Turawan Ingila suka ci yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas. Suka zauna a bakin Shuɗin Kogin Nilu kusa da Sinnar, garin kuwa har yau Mai Wurno ake ce masa. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, gonakin auduga na Jazira suka jawo ƙarin Hausawa, yawancinsu mahajjata waɗanda guzuri ya ƙare musu a hanya. Kusan dukansu Musulmi ne. A wancan zamani tsakaninsu da Kano tafiyar watanni ce, wani lokaci ma shekaru.

To, yaya murya za ta ƙetare wannan nisa?

Masanan farko sun ɗauka sai dogon zango ne ke kai saƙo nesa. Saboda haka a 1912 gwamnatin Amurka ta kore masu sha'awar rediyo, wato masu haɗa na'ura a gida don son kansu, zuwa zangon mita 200 da abin da ya gaza haka, a kan cewa ba shi da amfani. Ashe alheri aka yi musu. A Nuwamba 1923 Léon Deloy daga Faransa da Fred Schnell daga Amurka suka yi musayar saƙo ta kan teku a zangon mita 110 ko kusa da haka, da na'urorin gida.

Asirin yana wurin eriya. Domin ta watsa ƙarfin da aka ba ta, ya kamata tsawonta ya kai kamar rubu'in zangon. Tun 2007 an yarje wa masu sha'awar rediyo na duniya wani ɗan wuri a zangon mita 2,200. Rubu'insa mita 550 ke nan, wa ke da irin wannan turke a bayan gida? Wanda ya kafa na mita 20, abin da ke fita sararin sama ba ya kai kashi 1 cikin 100. Sauran duk ya zama zafi cikin waya, da itatuwa, da ƙasa. Doka ta ce kada abin da ke fita ya wuce wat 1, amma mutum yakan zuba ɗaruruwan wat kafin ya samu wat ɗin nan guda. Kamar mai ɗebo ruwa da kwando ne. Ƙasar ma tana da nata hannu: busasshen rairayi yana cin ƙarfi fiye da baƙar laka mai danshi irin ta Jazira.

A zangon mita 19 kuwa, waya mai mita 10 ta isa, sama kuma ta maido da muryar ƙasa a can nesa. Nan masu wa'azin bishara suka dosa. Mishan na SIM ya buɗe ELWA a Laberiya a 1954. BBC ta fara Hausa a 1957. A 1963 Tarayyar Lutheran ta Duniya ta buɗe tasharta a Addis Ababa da na'urori biyu, kowace kilowat 100, da eriyoyi masu tattara murya su nufa da ita yanki guda. A lokacin ana ɗaukar shirin Hausa a ɗakin Muryar Bishara a Jos, na Fulatanci a Ngaundere, a aika da faifan Habasha, daga can muryar ta bi ta sararin Sudan ta koma yamma. A ganina ekklisiyar da ke tara baiko don sayen babbar na'ura, ba ta tambayi batun eriya da filin da za a kafa ta ba, ba ta karanta wannan tarihi ba.

Gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar Addis Ababa a Maris 1977, yaƙin Laberiya kuma ya rushe ELWA a 1990.