Kwaltar da take ɗiga tun 1930

Kowace mai dama koko ta san kauri da ido: ta ɗaga ludayi, ta duba yadda yake zuba. Masana kimiyya sun mayar da wannan duba lissafi. A shekarun 1840 wani likita Bafaranshe, Jean Poiseuille, da ke binciken gudanar jini, ya nuna cewa ana gane kaurin abu mai ruwa-ruwa daga lokacin da yake ɗauka kafin ya wuce ta siririn bututu. To, ina labarin abin da kaurinsa ya kai ido ya ɗauke shi dutse?

A 1927, a Jami'ar Queensland da ke Ostireliya, Farfesa Thomas Parnell ya so ya nuna wa ɗalibansa cewa daskararriyar kwalta, wadda guduma ke farfasawa, a haƙiƙa gudana take yi. Ya narkar da ita, ya zuba a mazurarin gilashi mai toshen baki, ya bar ta shekara 3 ta kwanta. A 1930 ya yanke bakin. Ɗigon farko bai faɗo ba sai 1938, na biyu a 1947. Shekara guda bayan haka Parnell ya rasu.

A 1961 John Mainstone ya karɓi amanar mazurarin, ya riƙe ta shekara 52. A 1988 ɗigo ya faɗo daidai lokacin da ya ɗan fita neman abin sha. A 2000 an kafa kyamara, sai ta samu tangarɗa. Ya rasu a 2013 bai ga faɗuwar ko ɗaya ba, watanni kaɗan kafin ɗigo na tara a 2014.

Duk da haka jiran ya haifar da awo. Daga yawan kwaltar da ta zuba da tsawon shekarun, an lissafa cewa ta fi ruwa kauri sama da sau biliyan 100. An kuma ga tasirin yanayi: da aka sa na'urar sanyaya ɗaki bayan 1988, tazarar ɗigo ta tashi daga kimanin shekara 8 zuwa 12 ko 13.

Magabata sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. A nan wanda ya hura wutar daban, masu shan romon daban. Har yanzu mazurarin yana nan a jami'ar, ana dakon ɗigo na goma.