Faɗuwar Ɗan Dambe da Ma'auninta: Tarihin Dick Tiger (1929–1971)

Gabatarwa

A ƙasar Musawa da sauran garuruwan noma na yankin Malumfashi da Funtuwa, dambe wasan kaka ne tun asali. Sai an yanke gero da dawa an kai rumbu, auduga ta fara shiga kasuwa, kuɗi ya zauna a aljihun manomi, sa'an nan ake jin kalangu da la'asar a bayan gari. Mahauta su ne masu abin, su ne kuma ke yawo da shi gari gari. Ƙa'idarsa ba ta da wuyar ganewa. Mutum ya naɗe hannunsa mai ƙarfi da ƙyalle ya ɗaure da zare, ya bar ɗayan a buɗe domin kariya, a yi turmi uku. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan. In kuwa babu wanda ya kai ƙasa, sai a raba su a ce babu kisa. A damben gargajiya ba alƙalin da ke zaune da takarda yana ba da maki, ba kuma littafin da ake rubuta wane ya kashe wane. Abin da ya saura bayan an watse yana bakin makaɗi da 'yan kallo. Ta wannan hanya ce sunayen irin su Shago da Ɗandunawa suka kawo ga mutanen yau, cikin waƙoƙin Muhammadu Bawa Ɗan Anace. Makaɗi kuwa, kamar yadda aka sani, ba a ba shi riga don ya lissafa ranakun da gwaninsa ya sha ƙasa.

Damben Turawa, watau boksin, ya saɓa da wannan. A can kowane karo yana da rana da wuri da sakamako a rubuce, kuma rubutun yana bin mutum har bayan ransa. Wannan maƙala za ta ɗauki ɗan boksin mafi shahara da Nijeriya ta taɓa fitarwa, Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da Dick Tiger, ta duba faɗuwarsa maimakon nasarorinsa. Littafi ya ce ya yi dambe 82, ya ci 60, an cinye shi sau 19, an tashi kunnen doki sau 3. Sha tara ba kaɗan ba ne ga mutumin da ya riƙe kambin duniya a aji biyu. Amma littafin ya zuba su duka a mudu ɗaya, alhali kuwa ba irinsu ɗaya ba. Idan aka auna su da ma'aunin ɗan damben Hausa, sai a ga lissafin ya sāke kama.

Daga Aba zuwa Libaful

An haifi Richard Ihetu ran 14 ga Agusta 1929 a Amaigbo, cikin ƙasar Ibo. Ya tashi cikin talauci, ya yi ƙananan sana'o'i a kasuwar Aba, a nan kuma ya koyi dambe. Faɗuwarsa uku na farko a gida Nijeriya aka yi su, a farkon shekarun 1950, kuma wani Tommy West ne ya fi sha masa kai a wannan zamani. A ƙarshen 1955 ya haye teku zuwa Libaful ta Ingila, inda Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya riga shi sauka.

Ingila ba ta yi masa maraba ba. Dambensa huɗu na farko, daga Disamba 1955 zuwa Maris 1956, duk an cinye shi, duk kuma da maki. Waɗanda suka cinye shi, irin su Alan Dean da George Roe, ba wanda ke tuna su yau in ba a cikin tarihinsa ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ya iso cikin hunturu, yana aiki da rana a masana'antar fenti, ga abinci baƙo. Fiye da wannan, bai riga ya gane abin da alƙalan Ingila ke ƙirgawa ba. Shi gajere ne kakkaura, tsawonsa ƙafa 5 da inci 8, damben da ya sani shi ne ya matsa kusa ya yi dukan da zai kai mutum ƙasa. Bature kuwa sai ya tsaya daga nesa yana ɗan zungurarsa da hagu yana ja da baya, turmi ya ƙare, alƙali ya rubuta masa maki. A fagen Musawa wanda ya yi haka ihu za a yi masa, a raba su babu kisa. A Libaful shi ne gwani.

Mutum huɗu a jere sun isa su sa baƙo ya nemi jirgin komawa gida. Tiger bai koma ba. A Mayu 1957 aka kai shi Landan domin a gwada wani saurayi da ake ji da shi, Terry Downes, ana ganin Tiger tsani ne kawai da yaron zai taka ya hau. Tiger ya yi masa dukan da aka tsai da damben, Downes ɗin nan kuwa shi ne ya zama zakaran duniya a 1961. Ran 27 ga Maris 1958 Tiger ya buge Pat McAteer a turmi na tara, ya karɓi kambin Daular Ingila na ajin matsakaita nauyi, watau waɗanda ba su wuce laba 160 ba. Jimillar faɗuwarsa a Ingila takwas ce, ba kuwa ɗaya a cikinsu da aka kai shi ƙasa. Akwai kuma wata ɗabi'a tasa da ta bayyana tun a nan, wadda lissafin littafi ba ya nunawa: yana neman ramuwa, yana kuma samu. Alan Dean da Randy Sandy duk sun cinye shi, duk kuma ya cinye su.

Amurka: kambi da ramuwa

A 1959 ya koma Amurka yana da shekara talatin ba kaɗan, shekarun da wasu ke fara tunanin ajiye safar hannu. Nan ma ƙofar da ƙyar ta buɗe. Ya yi kunnen doki da Rory Calhoun, a karo na biyu aka ba Calhoun. Ya cinye Joey Giardello, Giardello ya rama cikin shekarar. A Yuni 1960 Wilf Greaves ya karɓe masa kambin Daular Ingila da maki a Edmonton ta Kanada, watau a gidan Greaves ɗin; kafin shekara ta fita Tiger ya koma can ya buge shi a turmi na tara ya ɗauko abinsa.

Ran 23 ga Oktoba 1962, a San Francisco, ya cinye Gene Fullmer ya zama zakaran duniya, ɗan Nijeriya na biyu da ya kai wannan matsayi bayan Hogan Bassey, wanda ya ci nasa a Faris a 1957. Karonsu na uku da Fullmer a filin Liberty na Badun aka yi shi, ran 10 ga Agusta 1963, shekara goma sha ɗaya kafin damben Muhammad Ali da George Foreman a Kinshasa. Fullmer bai iya fitowa bayan turmi na bakwai ba. A wannan dare Nijeriya mai shekara uku da samun 'yancin kai ta ga kanta a jikin mutum ɗaya, Kudu da Arewa. Ya kamata a riƙe wannan a zuci domin abin da zai biyo baya.

Wata huɗu kacal bayan Badun, ran 7 ga Disamba 1963, Giardello ya karɓe kambin a Atlantic City. Dabarar ita ce dai ta Libaful, sai dai a hannun gwani: ya ƙi tsayawa, ya yi ta zagaye yana zungura har turmi goma sha biyar. An yi wa Tiger alkawarin ramuwa, aka yi ta ja masa rai kusan shekara biyu. A tsakani Joey Archer ya sāke cinye shi da irin wannan salo a 1964, shi kuma ya kai Rubin Carter ƙasa har sau uku a 1965. Da ranar ta zo, 21 ga Oktoba 1965, ya karɓo kambinsa daga Giardello a Niyok yana da shekara 36.

Faɗuwar da ta fi jawo gardama ita ce ta 25 ga Afrilu 1966, a hannun Emile Griffith, zakaran ajin da ke ƙasa da nasa, wanda ya hau ya same shi. Alƙalai uku duk sun ba Griffith, mafi yawan 'yan jaridar da ke bakin fage kuwa sun ga Tiger ne ya ci. Amma a turmi na tara Griffith ya kai shi ƙasa, karo na farko a duk rayuwarsa ta dambe, ko da yake nan take ya miƙe. A nan ma'aunan biyu suka yi hannun riga ta wata fuska dabam. Masana boksin suna cewa an zalunce shi. Ɗan damben Hausa kuwa da ya ga wannan turmi, babu sauran magana a gare shi, an yi kisa. Bayan dambe sama da saba'in da faɗuwa goma sha shida a littafi, ran nan ne aka fara kashe Dick Tiger.

Akasin haka ya auku a Oktoba 1968, sa'ad da Frankie DePaula ya kai shi ƙasa sau biyu, shi ma ya kai DePaula sau biyu, aka ba Tiger da maki. Littafi ya rubuta nasara a inda kalangu zai yi shiru.

Bob Foster da abin da ke bayansa

Da aka raba shi da kambin matsakaita, Tiger ya hau ajin da ke sama, na masu laba 175, inda kowa ya fi shi tsawo da nauyi. Ran 16 ga Disamba 1966 ya cinye José Torres ya zama zakaran aji na biyu, ya kuma sāke cinye shi a Mayu 1967. Kafin wata biyu su cika yaƙin basasa ya ɓarke a gida.

Kashe-kashen 1966, musamman waɗanda aka yi wa Ibo a garuruwan Arewa, sun juya zuciyarsa daga Nijeriya. Ya bi Biyafara a fili, ya karɓi muƙamin laftana a sashen ƙarfafa gwiwar sojojinta, ya riƙa magana da yawunta a Amurka yana kuma tura kuɗi. Gwamnatin Tarayya ta ɗauke shi ɗan tawaye, dukiyar da ya tara a Ikko ta fita hannunsa, wadda ke Gabas kuma yaƙi ya bi ta kanta. Shi mutum ne da aka sani da tattali, wanda ya zuba abin da ya samu a gidaje domin tsufansa. Kowane ra'ayi mai karatu yake da shi game da yaƙin, wannan asara ita ce mabuɗin dambensa na ƙarshe, domin ita ta sa tsoho ya ci gaba da shiga fage.

Cikin wannan hali ya amince ya kara da Bob Foster, wanda manyan ajin ke kauce wa. Foster ya fi shi tsawo da inci bakwai, ga ƙuruciya, ga hannun hagu mai kisa. An lamunce wa Tiger dala 100,000, kuɗin da mutum mai iyali da dangi a cikin yaƙi ba zai iya ƙi ba. Ran 24 ga Mayu 1968, a Madison Square Garden ta Niyok, cikin turmi na huɗu, Foster ya kama shi da hagu a muƙamuƙi, ya faɗi rigingine, ya yi yunƙurin tashi bai iya ba har aka ƙirga goma. Cikin dambe 82 wannan kaɗai ne aka ƙirga masa goma, yana da shekara 38. Ita ce faɗuwar da littafin Bature da bakin makaɗi za su yi ittifaƙi a kanta.

Duk da haka bai ajiye ba. Bayan DePaula, a Mayu 1969 ya cinye Nino Benvenuti, mutumin Italiya, wanda a lokacin shi ke riƙe da kambin matsakaita, sai dai ba a sa kambin a damben ba. A cikin shekarar ce kuma ya mai da lambar girma ta MBE da Ingila ta ba shi a 1963, domin nuna fushinsa da makaman da take ba Gwamnatin Tarayya. Yaƙi ya ƙare a Janairu 1970. Ran 15 ga Yuli 1970 ya sāke haɗuwa da Griffith, aka yi turmi goma, Griffith ya ci da maki ba gardama. Ita ce ta goma sha tara, ita ce kuma dambensa na ƙarshe, saura wata guda ya cika shekara 41.

A damben Hausa tsohon gwani yana da inda yake komawa. Yana da fawarsa ko gonarsa, yana da yaran da yake ɗaure wa hannu, waɗanda ake kira da sunansa a ce Shagon wane, in kuma makaɗi ya hango shi a gefen fage sai ya kaɗa masa takensa ko da ya shekara goma bai sa zare ba. Hogan Bassey ya sami kwatankwacin wannan, domin bayan Davey Moore ya cinye shi sau biyu a 1959 ya dawo gida ya zama mai horad da 'yan damben ƙasa. Tiger, wanda mujallar The Ring ta zaɓa gwanin shekara a 1962 da 1965, aikin gadi ya samu a wani gidan ajiye kayan tarihi a Niyok. Yana cikin wannan aiki ciwon ciki ya kama shi, likitoci suka gano sankarar hanta ce. Afuwar da Janar Yakubu Gowon ya yi wa mutanen Biyafara ta ba shi hanyar dawowa, ya iso gida a 1971. Ya rasu a Aba ran 14 ga Disamba 1971 yana da shekara 42. Shekara ashirin bayan haka, a 1991, aka shigar da sunansa zauren tunawa da gwanayen boksin na duniya da ke Canastota, cikin jihar Niyok.